Yadda Za Ka Dawo da Duhun Dare: Daga Ƙwan Ƙofar Gida Zuwa Tallan Sararin Samaniya

A shekarar 2016 wasu masana, bisa jagorancin Fabio Falchi, suka fitar da taswirar hasken da ɗan'adam ke watsawa sama da dare. Taswirar ta nuna cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari na mutanen duniya suna kwana a ƙarƙashin samaniyar da fitilu suka dusashe, kuma mutum ɗaya cikin uku ba ya iya ganin farin zanen taurarin nan da ke ratsa sama, wanda ake kira Milky Way. A 2023 kuma Christopher Kyba da abokan aikinsa suka tace rahotanni sama da 51,000 da mutane suka aiko daga 2011 zuwa 2022, suka gano cewa hasken sama yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin ɗari duk shekara. A wannan lissafin, yaron da aka haifa inda ake ganin taurari 250, ranar da zai cika shekara 18 guda 100 kacal za su rage masa.

Abin da ya bambanta wannan gurɓata da sauran shi ne saurin warkewarta. Robar da aka zuba a teku tana ɗaukar ɗaruruwan shekaru, hayaƙin masana'antu ma yana daɗewa a iska. Haske kuwa, ana kashe makunni ya tafi. Inda wannan sauƙin ya ƙare shi ne falaki, wato can sama inda taurarin ɗan'adam ke zagaya duniya, domin abin da aka harba can babu mai makunninsa a ƙasa. Don haka jagorar ta fara da abin da ke hannunka, sannan ta hau zuwa abin da sai an haɗa ƙarfi.

Mataki na 1: Auna samaniyarka kafin ka taɓa komai

Wanda bai auna ba, ba shi da hujjar da zai kai wa kowa. Zaɓi daren da babu farin wata, babu gajimare ko hazo, sannan ka bari rana ta yi fiye da awa ɗaya da faɗuwa. Ka tsaya inda fitila ba ta dukan fuskarka kai tsaye, ka ba idonka minti 20 zuwa 30 ya saba da duhu. Kallon waya sau ɗaya yana rushe wannan sabon, sai ka sake lale. In dole ne ka haska wani abu, yi amfani da tocila mai jan haske maras ƙarfi.

Hanya mafi sauƙi ita ce ta shirin Globe at Night, wanda cibiyar NOIRLab ta Amurka ke gudanarwa kyauta. Za ka buɗe shafinsu, ka sa wurin da kake da lokaci, su nuna maka jerin zane-zanen rukunin taurari ɗaya, misali Oriyon mai taurari uku a jere a tsakiyarsa. Zanen farko taurari kaɗan ne, na ƙarshe cike yake maƙil. Ka zaɓi wanda ya fi kama da abin da idonka ke gani, ka aika. Rahotannin nan ne suka haifar da binciken 2023 ɗin. Kuma idon mutum yana da wani amfani da na'ura ba ta da shi a nan: tauraron ɗan'adam da aka fi dogara da shi wajen ɗaukar hoton duniya da dare ba ya ganin shuɗin haske sosai, alhali fararen fitilun LED shuɗi ne ya yi musu yawa. Shi ya sa awon da aka yi daga sama ya nuna ƙaruwar kashi 2 cikin ɗari a shekara, na idon mutane kuma ya ninka haka har kusan sau biyar.

Akwai kuma ma'aunin Bortle, wanda John Bortle ya wallafa a 2001. Yana da hawa tara. Hawa na 1 shi ne duhu na asali, inda Milky Way ke iya yin inuwa a ƙasa. Hawa na 9 shi ne tsakiyar babban birni, inda wata da duniyoyi da 'yan taurari ƙalilan ne suka rage. A wuri mai duhu sosai ido yana ganin taurari sama da 2,000 a lokaci guda. Gwaji mai sauri: dubi Kaza da 'Ya'yanta. In ka ƙirga shida ko bakwai, samaniyarka da sauran rai. In sai ka yi ta lalube kafin ka gano inda suke, ta yi nisa.

Mai son lamba tsantsa zai iya neman ƙaramar na'urar Sky Quality Meter. Lambarta tana hawa ne gwargwadon duhu: wajen 22 shi ne mafi duhu, birane kan faɗo 18 ko ƙasa. Ko wace hanya ka bi, rubuta kwanan wata da lokaci da wurin da ka tsaya, domin a wurin nan za ka sake awo bayan gyara.

Mataki na 2: Zagaya gidanka da dare

Da rana ake sayen fitila, da rana ake ɗaura ta, shi ya sa mutane da yawa ba su san ɓarnar da take yi ba. Fita da dare da takarda, ka lissafa kowace fitilar waje. Ka nemi laifi uku: hasken da ke tashi sama, hasken da ke kashe ido, da hasken da ke tsallake iyakarka ya shiga tagar wani.

Ga gwajin da ba ya ƙarya. Ka tsaya a bakin iyakar gidanka ka juyo. In kana ganin ƙwan da kansa yana ƙyalli, fitilar tana da matsala. Fitilar kirki, abin da ta haska kake gani, ita kanta a ɓoye take.

Mataki na 3: Gyara fitilun ɗaya bayan ɗaya

Nan ne aikin yake, kuma nan ya kamata a daɗe. Ƙungiyar DarkSky International, wadda David Crawford da Tim Hunter suka kafa a Tucson ta jihar Arizona a 1988, ta haɗu da ƙungiyar injiniyoyin haske ta Amurka a 2020 suka tsayar da ƙa'idoji biyar. Ya fi sauƙi ka ɗauke su a matsayin tambayoyin da za ka yi wa kowace fitila.

Tambayar farko: me take haskawa, kuma wa ke amfana? Fitilar da ke haska bango ko bishiya ko filin da ba kowa, cire ta kawai. Sau da yawa fenti mai ƙyalli a bakin matakala yana yin aikin da aka ɗaura wa ƙwai.

Ta biyu, ina take kallo? Wannan ita ce ta fi kowace muhimmanci. Ana son fitila mai murfi a sama da gefe, fuskarta a shafe tana kallon ƙasa, ta yadda ko ɗigon haske ba ya wuce saitin ƙwan ya yi sama. Mutane na zaton hasken da ya miƙe tsaye zuwa sama shi ne mafi ɓarna. A gaskiya wanda ya fita a kwance, ɗan sama kaɗan da saitin fitilar, shi ya fi illa, domin yana doguwar tafiya a cikin iska yana warwatsuwa, har ya dusashe samaniyar mutanen da ke nesa da kilomita masu yawa. Daga Death Valley, wurin da ke cikin mafiya duhu a Amurka, ana hango jan hasken Las Vegas a gefen sama. Saboda haka fitilar nan mai faɗi da ake karkatawa ta kalli gaba, sunkuyar da ita ta kalli ƙasa. Fitila mai siffar ƙwallo kuwa, rabin wutar da kake biya sama take tafiya, canja ta ya fi. Haka kuma, in ka rage tsayin inda aka ɗaura fitila, ka rage nisan da take tsallakawa.

Ta uku, ƙarfinta bai wuce kima ba? Daina duba wat, duba lumen, domin shi ne awon hasken. Tsohon ƙwai mai wat 60 yana ba da lumen kusan 800, LED kuwa da wat 9 ko 10 yake ba da wannan. Tarkon a nan yake: da haske ya yi araha, sai mutane suka riƙa ɗaura ninkin abin da suke da shi a da, rangwamen wutar ya tafi a banza. Ƙofar gida ko 'yar hanya ba ta buƙatar fiye da 'yan ɗaruruwan lumen. Ka tuna, cikakken farin wata bai kai rabin luks ɗaya ba (luks shi ne awon hasken da ke sauka a wuri), amma mutum yana tafiya a cikinsa ba tuntuɓe.

A nan ne za a ce maka, to tsaro fa? Tambaya ce mai kyau, kuma ba wanda ya ce a zauna cikin duhu. Amma fitila mai tsananin ƙarfi tana tsuke ƙwayar ido, sai duk abin da ke gefenta ya zama baƙi ƙirin. Mai laɓewa a inuwar yana ganinka, kai ba ka ganinsa. Haske matsakaici da ya bazu daidai ya fi nuna fuska. Wani bincike da aka wallafa a 2015, wanda ya duba ƙananan hukumomi 62 a Ingila da Wales da suka rage ko suka kashe fitilun titi cikin dare, bai sami shaidar ƙaruwar haɗurran mota ko laifuka ba. Wannan bai nuna cewa ko'ina haka zai kasance ba, amma ya isa ya karya zancen cewa ƙarin haske ƙarin tsaro ne kai tsaye.

Ta huɗu, yaushe take ci? Sa mata na'urar da ke kunna ta in ta ji motsi ta kashe bayan 'yan mintuna, ko agogon da ke kashe ta a lokacin da ka zaɓa. Fitilar da ta kunnu kwatsam ta fi jan hankali a kan wadda ke ci tun magariba har kowa ya daina lura da ita.

Ta biyar, wane launi ne? A jikin kwalin ƙwai akwai lamba da harafin K. In lambar ta hau, hasken ya yi fari da shuɗi; in ta sauka, ya yi ruwan ɗorawa. Na 5000K ko 6500K bai dace da waje ba sam. Kar ka wuce 3000K, 2700K ya fi, 2200K kuma shi ne zaɓi kusa da daji ko bakin ruwa. Dalilin shi ne shuɗin haske ya fi warwatsuwa a iska, abin da ya sa sama take shuɗiya da rana ke nan, kuma shi ya fi danne melatonin, sinadarin da ke shaida wa jiki cewa dare ya yi. Ƙungiyar likitocin Amurka ta ba da shawara a 2016 cewa fitilun titi kar su wuce 3000K.

Ba mutum kaɗai abin ya shafa ba. A Suwizalan an gwada haska filayen ciyawa da dare, sai ziyarar ƙwarin da ke yi wa furanni barbara ta ragu da kashi 62 cikin ɗari. 'Ya'yan kunkurun teku suna ƙyanƙyashewa su nufi inda ya fi haske, wanda a da teku ne, yanzu kuma otal ne ko titi. Hatta buzuzu, an gano a Afirka ta Kudu a 2013 cewa da Milky Way yake saita hanyarsa in yana mirgina dunƙulen kashin dabbobi.

Mataki na 4: Cikin ɗaki

Ja labule da dare, ka kashe fitilun ɗakunan da ba kowa. A dogayen gine-gine wannan maganar rai ce ga tsuntsaye masu ƙaura, waɗanda yawancinsu da dare suke tafiya. A watan Oktoba na 2023 kusan tsuntsaye 1,000 suka mutu cikin dare ɗaya bayan sun yi karo da gilasan ginin McCormick Place a Chicago.

Mataki na 5: Maƙwabci

Kar ka fara da ƙara, kar kuma ka fara da lacca a kan taurari. Galibi mai fitilar bai san tana shiga ɗakin kwananka ba. Ka gyara naka tukuna, sannan ka gayyace shi da dare ya tsaya inda kake tsayawa ya gani da idonsa. Kar ka ce ya kashe, domin zai ji kamar tsaronsa kake son taɓawa. Ka ce ya sunkuyar da ita ko ya sa mata murfi, in da hali ka ɗauki nauyin murfin. Da sannu ake jan zaren da ya sarƙe.

Mataki na 6: Hukuma da allunan talla

Fitilun titi, filayen wasa, wuraren ajiye motoci da allunan talla su ne manyan masu laifi, kuma duk suna ƙarƙashin wata hukuma. Lokacin da ya fi dacewa ka yi magana shi ne sa'ad da ake shirin sauya fitilu, domin abin da aka ɗaura zai yi shekara 15 ko 20 a wurin. Ka je da awonka na mataki na 1, da hotuna, da buƙatu ƙayyadaddu: murfi cikakke, kar a wuce 3000K, a rage ƙarfi bayan tsakar dare, a kashe allunan talla a wani lokaci. Fara da maganar kuɗin wuta, ita ce ke buɗe kunnen jami'i.

Ka riƙe misalan da suka yi aiki. Garin Flagstaff na Arizona, inda cibiyar kallon taurari ta Lowell da aka gano duniyar Pluto take, ya haramta manyan fitilun talla masu haska sama tun 1958, kuma a 2001 ya zama gari na farko da aka ba shaidar kare duhun sama. Sifaniya ta yi dokar kare samaniyar tsibirin La Palma a 1988. Faransa ta fitar da doka a Disamba 2018 wadda ta sa iyakar 3000K, ta wajabta kashe fitilun ofis awa ɗaya bayan fitar ma'aikata, da na tagogin shaguna da ƙarfe ɗaya na dare. Tucson ta sauya fitilun titinta zuwa LED na 3000K masu murfi, tana kuma rage ƙarfinsu bayan tsakar dare. Inda duhun bai riga ya lalace ba, ana iya neman a yi masa rajista: gandun NamibRand na Namibiya ya samu a 2012, tsibirin Niue na tekun Pasifik kuma ya zama ƙasa ta farko da aka yi wa rajista ɗungurungum a 2020.

Mataki na 7: Abin da ke falaki

Duk wanda hasken birni ya dama, yana iya tafiya daji. Wanda tauraron ɗan'adam ya dama ba shi da wurin gudu, domin abin da ke ƙaramin falaki yana zagaye duniya cikin minti 90 da 'yan kai, yana ratsa kan kowa ba tare da neman izini ba. Waɗannan taurari ba fitila suke kunnawa ba, hasken rana suke mayarwa, shi ya sa aka fi ganinsu bayan faɗuwar rana da gabanin asuba. Wato daidai lokacin da mutane ke waje, kuma daidai abin da mai talla ke nema.

Tunanin yin talla daga falaki ya daɗe. A 1993 kamfanin Space Marketing na Amurka ya ba da shawarar harba allo mai faɗin kusan murabba'in kilomita ɗaya, wanda zai bayyana kamar girman wata. Jama'a suka yi ca, aikin ya mutu, kuma a 2000 Amurka ta yi dokar da ta hana ba da lasisin harba duk tallan da mutum zai iya gane shi daga ƙasa ba tare da madubin hangen nesa ba. Dokar ba ta hana tambari a jikin roka ba, kamar na Pizza Hut da aka liƙa wa rokar Proton ta Rasha a shekarar 2000 ɗin. Wannan ba ya damun kowa. Gibin shi ne dokar Amurka ce kawai, kuma yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 ba ta ambaci talla ba. A 2019 kamfanin StartRocket na Rasha ya tallata shirin rubuta tambura a sama da gungun ƙananan taurari. A 2022 masu bincike a cibiyar Skoltech ta Mosko suka lissafa cewa taurari 50 za su iya yin hakan da dala miliyan 65, har a ci riba. A ganina wannan lissafin ya fi duk wata sanarwar kamfani ban tsoro, domin tsada ce kaɗai ta tsare mu zuwa yanzu.

Ko babu talla ma sama ta cika. Starlink, shirin intanet na kamfanin SpaceX, ta harba rukuninta na farko mai taurari 60 a Mayu 2019, yau kuma dubbai ne. BlueWalker 3, wani tauraron sadarwa mai faifan murabba'in mita 64 da aka harba a 2022, ya shiga sahun abubuwan da suka fi ƙyalli a sama. Sai dai a yi adalci: waɗannan suna kai intanet inda waya ba ta kai ba, kuma matsin lambar masana taurari ya sa SpaceX ta gwada baƙin fenti da inuwa da wani rufi mai karkatar da haske. Akwai abin da za a yi ciniki a kansa a nan. Talla kuwa ƙyallin shi ne hajar, ba yadda za a dusashe shi ya ci gaba da zama talla, don haka hani ne kaɗai maganinsa.

Me mutum ɗaya zai yi? Na farko, san inda ake yanke shawara. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan amfani da sararin samaniya cikin lumana, wato COPUOS mai zama a birnin Biyana na Ostiriya, yana da ƙasashe mambobi fiye da 100, kuma a 2024 ƙaramin kwamitinsa na kimiyya ya amince a riƙa tattauna batun duhun sama na tsawon shekara biyar daga 2025. Duba ko ƙasarka mamba ce, ka rubuta wa hukumar sararin samaniyarta ko ma'aikatar harkokin waje, kai kaɗai ko da sunan wata ƙungiya ko makaranta. Wasiƙar ta nemi abu uku: a goyi bayan haramta tallan da ake gani da ido daga falaki a duk duniya, kamar yadda ƙungiyar masana taurari ta Amurka ta nema a 2024, a sa wannan hani a dokar ƙasa ko da ba a harba roka daga cikinta, domin kamfanonin da za su sayi tallan a ƙasa suke, sannan a sa sharaɗin ƙyalli a duk lasisin tauraron ɗan'adam, bisa shawarar ƙungiyar masana taurari ta duniya cewa kar ya kai yadda ido zai gan shi.

Na biyu, in kana ɗaukar hoton sama, ajiye duk hoton da tauraro ya ja wa layi tare da lokaci da wurin ɗauka. Cibiyar da ƙungiyar masana taurari ta duniya ta kafa a 2022 don wannan matsalar tana tattara irin wannan awon, kuma da shi ake zama da kamfanoni.

Na uku shi ne aljihunka. A 2019, da labari ya bazu cewa reshen PepsiCo na Rasha zai yi aiki da StartRocket, cikin 'yan kwanaki uwar kamfanin ta fito ta ce gwaji ɗaya aka yi, ba ta da shirin ci gaba. In ka ji wani kamfani yana shirin irin wannan, rubuta masa tun kafin a sa hannu a kwangila, ka faɗa masa dalla-dalla wane kayansa za ka daina saye.